Bakancen Sabuwa

A unguwar Bani Harisa ta Madina, duk macen da ta haura arba'in ta taɓa taka rawa a gaban Sabuwa. A zamaninta ita ce mai org, ɗan piyanon lantarkin nan da ake kiɗan bikin mata da shi. Za ta zauna a bayansa, masu mandiri a gefenta, ta ba 'yan Hijaz nasu, ta juya ta ba 'yan Sudan nasu, sannan in biki ya yi daɗi ta saki irin na Damagaram da ta ji a bakin kakarta, har tsofaffin da suka shigo suna kukan gwiwa su jingine sanda su shiga fage. Kakannin nata da ƙafa suka taso zuwa hajji, suka iso Madina suka ce a nan za a binne su. Ita a nan aka yanke mata cibi, ba ta san wata ƙasa ba.

Allah bai ba ta haihuwa ba, auren ma bai daɗe ba. Da ƙanwarta Asama'u ta rasu ta bar 'ya mai rarrafe, Sabuwa ta ɗauki yarinyar ta goya, uban kuma, Zakiru, ya koma bakin aikinsa a Jidda. Sunan yarinyar Sundus. A cinyar Sabuwa ta girma, org yana gabanta. Tun ba ta shiga makaranta ba, duk abin da Sabuwa ta kaɗa da hantsi, yarinyar za ta laluɓo shi da yatsu biyu kafin magariba.

Tana shekara goma sha ɗaya sanƙarau ya kama ta. Likitan ya ja Sabuwa gefe ya ce mata ko yarinyar ta tashi, da wuya ta tashi da kunnuwanta. Sabuwa ta fita daga asibitin ba ta san inda ƙafarta ke kai ta ba, sai ganin kanta ta yi a Harami, a ɓangaren mata, goshinta a ƙasa. A nan ta yi bakance. Ta ce in Allah Ya tashi yarinyar nan tana ji, ita ta bar kiɗa: ba za ta ƙara taɓawa ba, ba za ta ƙara zama inda ake yi ba.

Sundus ta tashi, kunnuwanta garau. Sabuwa ta ba ɗaya daga cikin masu mandirinta org ɗin, ta sami ɗinkin abaya a wani shago a Anbariyya, biki kuwa sai ta je da rana ta yi Allah sanya alheri ta gudu kafin makaɗa su iso. Amma ba ta hana yarinyar komai ba. Bakancen nata ne, ba na Sundus ba. Da Zakiru ya ɗauke 'yarsa zuwa Jidda don makaranta, ya samo mata malamar piyano a can, Sabuwa ce ta haɗa mata akwati. Daga Jidda aka ji tana Alƙahira, daga Alƙahira aka ji tana Turai. Ta yi kiɗa a garuruwan da Sabuwa ba ta iya faɗin sunayensu, Sabuwa kuwa ba ta taɓa jin abin da hannayen nan suka zama ba.

Sai zamani ya juya. Ƙasar da a da ake ɓoye abin kiɗa a cikin bargo in za a fita da shi, aka wayi gari ana gina zaurukan kiɗa. Wata shekara da sanyi aka gayyaci Sundus ta zo garin Al-Ula ta yi wasa da wata babbar ƙungiyar makaɗa ta baƙi. Karo na farko ke nan da za ta hau dandamali a ƙasarta. Ta ce ba za ta yi shiri a otal ba, gida za ta zo.

Ta iso da akwati ɗaya da tarin takardun kiɗa. Washegari wasu maza suka hauro da piyanon lantarki na haya suka ajiye a majalisi, inda ake saukar baƙi. Sabuwa ta tsaya a ƙofar kicin tana kallonsa kamar an shigo mata da tsohon miji.

"Kada ki damu, Khala," in ji Sundus da Larabci, don takan ji Hausa sarai amma harshenta ya fi gudu a Larabci. Khala take ce mata, wato inna. Ta ɗaga abin sawa a kunne. "Da samma'a zan yi. Ba za ki ji komai ba."

Haka kuwa aka yi, ko kusan haka. Sauti ba ya fita, amma yatsu suna dukan allon piyanon, dukan kuma yana ratsa bango. Daga bayan asuba har azahar, Sabuwa tana ɗinki a ɗakinta tana jin kif-kif-kif, wani lokaci yayyafi, wani lokaci kamar ana sussuka. Ta gaya wa kanta wannan ba kiɗa ba ne, ƙarar katako ce. Amma sau da yawa takan tsinci ƙafarta tana bin dukan a kan matakin keken ɗinki, sai ta janye ta da sauri ta yi istigfari.

Da yamma takan ɗumama man zaitun ta shafa wa yarinyar a hannu. Hannayen sun ba ta mamaki. Ba na 'yar gata ba ne: tafin ya yi faɗi, kan yatsun ya yi kanta, babban yatsan dama ya tsage a gefen farce saboda sanyi.

"Wai wane irin kiɗa ne wannan da yake cin mutum haka?" ta tambaya wata rana.

"Konsharto ake ce masa. Ya'ni ni kaɗai a piyano, makaɗa kuma cike da dandamali, masu goge, masu busa, masu ganga. Zance muke yi. In faɗa su amsa. Wani lokaci mu yi faɗa, wani lokaci duk su yi shiru su bar ni ni kaɗai, wurin nan ne ke tsinka min ciki. Kashi uku ne. Na farko hadari, na biyu lallashi, na uku gudu."

"Wa ya yi shi?"

"Wani Bature, ya mutu tun kafin su Kaka su taso daga Damagaram. Bege ne ya cika shi daga farko har ƙarshe."

"To ai bege ba baƙo ba ne," in ji Sabuwa, ta kama ɗaya hannun.

Sai Sundus ta ce, "Na sa an ajiye miki kujera. Ke da Khali Bakri. Ta hagu, inda ake ganin hannu."

Sabuwa ba ta ɗago ba. "Kin san abin da ke kaina."

"Na sani. Ban ce ki saɓa ba. Na ce an ajiye ne kawai." Ta ja numfashi. "Kowa ya ji ni, Khala. Mutanen da ba su san sunana ba sun ji ni. Ke da kika sa min yatsa a kan abin nan, ke kaɗai ce."

"Miƙo babban yatsan nan in ɗaure shi."

Maganar ta tsaya a nan, amma ta kwana da ita, ta tashi da ita.

Bakri yayansu ne, Sabuwa da marigayiya Asama'u, shi Sundus take ce wa Khali, wato kawu. Yana da ƙaramar bas da yake kai maziyarta wuraren ziyara. Wata rana ya ɗauko ta daga Anbariyya, ya ce sai ta yi haƙuri su biya masallacin Ƙiblatain, mutanensa suna ciki suna nafila. Suka zauna a mota, ya zuba mata shayi mai na'ana'a daga filas.

"Yarinyar nan ta ce min kin ƙi," ya ce.

"Ban ƙi ba, Yaya."

"Kin yarda ke nan."

"Ban yarda ba."

Ya yi dariya har shayin ya zube masa a riga. "Sabuwa ke nan. Ni fa ba malami ba ne, direba ne. Amma ina ganin Allah ba don org ɗinki Ya tashi yarinyar nan ba. RahamarSa ce."

"Na sani."

"To tsoron me kike?"

Ta kalli jerin mata 'yan Indunusiya da ke fitowa daga masallacin, kowacce da ƙyalle iri ɗaya a wuya. Sannan ta ce, "Ba ka ga idonta a ranar ba, Yaya. Ina kiran sunanta ba ta juyowa. Duk ranar da na ji ta yi tari a waya, sai in ce me na yi. In na shiga wurin nan, gobe wani abu ya same ta, ko ciwon kai ne, ina zan sa kaina?"

"In kuma ba ki shiga ba, ba abin da ya same ta, ina za ki sa kanki?"

Ta miƙa masa kofin shayin. Maziyartan suka fara hawowa, ya sauka ya buɗe musu ƙofa.

Ana saura 'yan kwanaki a yi wasan, Sundus ta wuce Al-Ula don gwaji da makaɗan. Gidan ya yi tsit, har Sabuwa ta riƙa jin ƙarar firiji. Kullum bayan la'asar yarinyar takan kira, muryarta a sama. Ranar farko ta ce jagoran makaɗan, wani tsoho mai farin gashi, yana jan kashi na biyu da sauri kamar ana koransa.

"Na ce masa a nan mutum numfashi yake so ya yi. Ya ce in aka ja shi da yawa zai mutu a hannunmu. A gaban kowa, Khala! Masu goge duk suka sunkuyar da kai."

"Kika ce me?"

"Ban ce komai ba. Na yi yadda yake so, na koma ɗaki na yi kuka."

"Gobe ki kai masa dabino. Ajwa, mai kyau. Ki gaishe shi kamar uba, sannan ki faɗi naki ku biyu, ba a gaban yaransa ba. Babba ba ya son a gyara masa zama a cikin taro."

Washegari Sundus ta kira tana dariya. Tsohon ya ci dabino, ya zauna kusa da ita a piyano, suka yi ta maimaita wurin har suka haɗu a tsakiya. Sai dai kuma busasshiyar iskar wurin tana sassauta wayoyin piyanon, mai gyara yana ta fama, yatsanta kuma ya sake tsagewa. Kafin ta kashe wayar ta ce, "Za ki zo?"

"Zan zo," in ji Sabuwa. "Shiga kuma sai abin da Allah Ya yi."

Ta ɗinka wa kanta sabuwar abaya mai ɗan aiki a bakin hannu. Ranar wasan suka kama hanya da sassafe ita da Bakri, bas ɗin babu kowa sai su. Baƙaƙen duwatsun Madina suka ƙare, aka shiga jajaye, manya-manya, kamar an sassaƙa su. Bakri yana ta ba da labarin wani alhaji ɗan Zariya da ya manta takalminsa a Uhudu ya dage sai an koma. Ita dai tana jan carbi. A wani wuri ta ji zuciyarta ta tsaya cak a kan za ta shiga, har ta ji sanyi a ranta. Kafin su sha mai a gaba, ta warware.

Bayan magariba aka buɗe zauren. Mutane suka yi ta shiga, maza cikin fararen riguna, mata da turare mai tsada, baƙi Turawa da mayafan sanyi. Sabuwa ta bi bayan Bakri a kan shimfiɗa mai laushi har bakin wata ƙatuwar ƙofar katako. Wata mata mai tsaron ƙofar, babba ce, mai fara'a, ta duba tikitinsu ta nuna musu hagu.

A daidai nan makaɗan suka fara daidaita kayansu. Wata sarewa ta ja sauti guda, dogo, siriri, sai gogen duka suka bi ta, sai masu busa, sautin ya kumbura ya cika ƙofar ya fito ya same ta a ƙirji. Rabon da ta tsaya kusa da abin kiɗa mai rai haka, tun Sundus tana yarinya. Ƙafarta ta ƙi ɗaguwa.

"Yalla, mu shiga," in ji Bakri a hankali.

"Shiga, Yaya. Ina zuwa."

"Sabuwa."

"Ka shiga kada ta ga kujerun duka biyu babu kowa."

Ya dube ta, ya girgiza kai, ya shiga. Mai tsaron ta jira ta kaɗan, sannan ta ce, "Ya Hajja, zan rufe." Sabuwa ta ja da baya. Ƙofar ta rufu, sautin ya yanke kamar an sa wuƙa.

A farfajiyar akwai kujeru da wani babban allon talabijin a bango, yana nuna dandamalin, babu murya. Mai tsaron ta ce in tana so a ɗaga mata sautin kaɗan. Sabuwa ta ce a'a, a bar shi haka, ta zauna.

Ta ga Sundus ta fito cikin doguwar riga ruwan toka, ta rusuna, ta zauna, ta gyara kujerar, ta goge tafin hannunta a cinya, yadda take yi tun tana ƙarama in za a yi mata allura. Tsohon ya ɗaga 'yar sandarsa. Sandunan jan goge suka tashi tare suka sauka tare kamar ciyawa a iska. An daɗe ana yi Sundus ba ta taɓa komai ba, hannayenta a cinya, tana jira. Sannan yarinyar ta ɗaga hannaye biyu ta sauke su da dukkan nauyin kafaɗunta.

Sabuwa ta san dukan. Shi ne wanda ya yi ta ratsa mata bango. Ta san inda zai yi yayyafi, ta san inda zai yi sussuka, amma me yake faɗa, ba ta sani ba. Yatsun suna gudu har allon ba ya iya kama su. Wani mai kakaki ya kumbura kumatu. Can sai duk makaɗan suka sauke kayansu, tsohon ya naɗe hannu, aka bar Sundus ita kaɗai, kanta a sunkuye, tsokar wuyanta a miƙe. Sabuwa ta yi ta karanto duk addu'ar da ta zo bakinta har makaɗan suka sake ɗauka.

Da kashi na farko ya ƙare, mai tsaron ta buɗe ƙofar don wasu mata biyu da suka makara. Ta riƙe ta da kafaɗa, ta yafito Sabuwa.

"Yanzu ne, ya Hajja, in za ki shiga."

Sabuwa ta miƙe. Ta ji tarin mutane daga ciki, da motsin kujeru. Ta yi taku biyu. Sai ta ce a ranta, kashi uku ne, bari in ga wannan tukuna, in an sake buɗewa na shiga. Ta koma ta zauna. Ƙofar ta rufu.

Kashi na biyu ya fara. Yanzu hannayen ba sa gudu. Na hagu yana tafiya a hankali kamar mai jijjiga goyo, na dama yana ɗaukar sauti ɗaya-ɗaya yana ajiyewa. Aka nuno fuskar Sundus kusa. Idanunta a rufe, leɓɓanta suna ɗan motsi, fuskar ta saki gaba ɗaya, babu tsoro a cikinta, babu gajiya. Sabuwa ba ta taɓa ganin wannan fuskar ba. Ta yi mata wanka, ta yi mata kitso, ta yi jinyarta, amma wannan matar da ke kan allon baƙuwa ce a wurinta, kuma ta gane cewa a nan yarinyar take zaune tun da daɗewa, a wani gida da ita ba ta taɓa leƙawa ba. Aka nuno wata tsohuwa mai goge a bayanta tana kaɗawa hawaye na bin kumatunta.

Ba ta san lokacin da ta isa ƙofar ba.

"Buɗe min, 'yar'uwa."

"Ba dama, ya Hajja. Sai an tsaya."

"To in an gama wannan kashin."

Matar ta dube ta da tausayi. "Wannan ba ya tsayawa. Daga shi zarcewa yake cikin na uku, babu hutu a tsakani. Sai ƙarshe."

"'Yata ce."

"Wallahi da da hali da na buɗe. In na buɗe yanzu haske da ƙara za su shiga, ita za su fara ɓata wa."

Wannan ya ɗaure Sabuwa. Ba ta koma kujera ba, ba ta ƙara kallon allon ba. Ta tsaya a nan, tafin hannunta a kan katakon ƙofar. Can da aka shiga kashi na uku ta riƙa jin wata 'yar girgiza a tafinta duk lokacin da manyan ganguna suka buga. Abin da ta samu ke nan.

Sai girgizar ta yi ƙarfi, ta yi ƙarfi, ta tsaya. Matar ta tura ƙofar, tafi ya fito kamar ruwan sama a kan kwano. Sabuwa ta shiga. Kowa a tsaye yake. Ta bi gefen bango ta hagu har inda Bakri yake, gemunsa jiƙe, yana tafi kamar zai fasa hannunsa. An kunna fitilun zauren. Sundus tana riƙe da hannun tsohon, tana rusunawa, idonta yana yawo cikin taron, har ya faɗa a kan Sabuwa tsaye kusa da kujerarta. Yarinyar ta dafe ƙirji da hannu biyu, fuskarta ta washe. Sabuwa ta ɗaga mata hannu.

Da safe suka kamo hanyar Madina su uku. Sundus ta zauna a baya kusa da innarta, furanni a cinyarta, bakinta bai huta ba. Ta ce a kashi na farko yatsan ya fashe, jini ya ɓata farin allon, ba ta ma ji zafi ba. Ta ce tsohon ya sumbaci goshinta ya ce za su sake haɗuwa.

"Fitila ta kashe min ido, ba na ganin kowa," ta ce. "Amma da na shiga kashi na biyu na ce, Khala tana nan ta hagu. Ke na yi wa shi. Ban taɓa yin sa haka ba, ko a gwaji. Kin ji wurin da sarewa ta karɓa daga hannuna? Ya kika ji shi?"

Bakri ya ƙura wa hanya ido. Sabuwa ta kalli bayan kansa, ta san ba zai taɓa tona ta ba har ya mutu. Kalma ɗaya ta isa, ta ce da daɗi, shi ke nan. Ta buɗe baki, kalmar ta ƙi fita.

"Ban ji ba, Sundus. A waje nake. Sai da aka fara tafi na shiga."

Yarinyar ta dube ta kamar ba ta gane Hausar ba.

"Na zo ƙofar a kashi na biyu, wallahi na zo. Aka ce ba a buɗewa."

"A tsakanin na farko da na biyu ana buɗewa."

"An buɗe."

Sundus ta gyaɗa kai a hankali. Ta gyara furannin a cinyarta, ta cire wani ganye da ya karye. "Tayyib, shi ke nan," ta ce. Ta juya tana kallon duwatsu. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi fushi ba. Da suka tsaya cin abinci ita ta zuba wa Sabuwa shayi, ta tambaye ta ko bayanta yana ciwo. Da ta yi faɗa da ya fi wa Sabuwa sauƙi.

Bayan kwana biyu Sundus ta tashi. A filin jirgi ta rungume innarta ta sumbaci kanta, ta ce ta riƙa shan maganin hawan jininta a kan lokaci.

Sabuwa ta yi mako tana juya abin, sannan ta tafi Harami wurin wata malama da ke zama da mata bayan la'asar. Ta jira har kowa ya watse, ta matsa kusa, ta ba ta labarin tun daga sanƙarau har ƙofar katako. Ta ce tana so ta san abin da ke kanta, don ta je ƙofar da niyyar shiga, kuma da an buɗe da ta shiga.

Malamar ta saurara har ƙarshe. "Kin zauna a wurin ana kiɗan?"

"A'a."

"Kin ji shi?"

"Ban ji ba."

"To bakancenki yana nan, 'yar'uwa, ba ki karya ba. Babu kaffara a kanki. Ki gode wa Allah."

Sabuwa ta ce alhamdu lillahi. Ta tashi ta nemo takalminta, ta fito farfajiya. Sai da ta yi nisa cikin taron ta gane kuka take yi, kuma ta kasa gaya wa kanta na mene ne. Wata 'yar Pakistan ta miƙo mata kofin zamzam, ta karɓa ta sha.

Sundus tana kira duk Juma'a, ba ta fasa ba. Wasan Al-Ula ya buɗe mata ƙofofi, yanzu ba ta cika wata guda a gari ɗaya ba. Takan ba da labarin sanyi, da tsadar haya, da wata maƙwabciyarta mai kyanwa. Ta sake yin wasa a Riyad, ta sake yi a Jidda. A bakin Bakri Sabuwa ta ji, bayan an gama.